Bin sawun wari daga dajin Alentejo zuwa ɗakin gwaji

Da an haye kogin Tejo ta gadar Vasco da Gama, an ba Lisbon baya, sai ƙasa ta buɗe. Gidaje su ragu, hanya ta miƙe sambal, hagu da dama itatuwa ne jefi-jefi a kan ciyawar da rana ta riga ta busar, ga wasu fararen tsuntsaye 'yan uwan shamuwa sun kafa manyan sheƙuna a kan turakun lantarki. Watan Yuni ne. Abin da ya fara tsayar mini da ido shi ne yawancin itatuwan an tuɓe su daga gindi har inda rassa suka rabu. Wasu jikinsu ja wur, wasu ya fara duhu, kuma kowace an rubuta mata lamba ɗaya da farin fenti.

Sana'ata awon sinadarai a kayan abinci, musamman riɗi da citta da zoɓon da ake fitarwa waje. Wani ɗan gajeren horo ne ya kai ni Fotugal, kan yadda ake gano sinadaran da ke sa kaya su yi wari alhali ba su ruɓe ba. Waɗanda suka fi kowa ƙwarewa a wannan fanni kuwa su ne masu yin matoshin kwalbar giyar inabi, domin matsalar ta kusa kai kasuwarsu ƙasa. Ni Musulmi ne, giya ba ta shiga bakina, kuma babu wanda ya nemi in ɗanɗana komai tun da na je har na dawo. Sinadarin da na bi sawunsa bai tsaya a giya ba. Yana shiga gahawa, yana shiga ruwan sha, danginsa kuma sun taɓa shiga naman kaji da magani.

Itacen nan sobreiro suke ce masa, ɗan dangin oak ne, kuma ɓawonsa mai kauri da laushi shi ake yanka a yi matoshi. Kusan rabin ɓawon da duniya ke samarwa daga Fotugal yake fitowa, daga dazuzzukan da suka haura hekta 700,000, mafi yawa a nan kudu. A 2011 majalisar dokokin ƙasar ta ayyana shi a matsayin itacen ƙasa, kuma ko a gonarka yake ba ka da ikon sare shi sai da izinin hukuma. Mun ratse ta ƙauyen Águas de Moura don ganin tsohuwar bishiyar da aka dasa a 1783, wadda ta ci gasar itacen shekara ta Turai a 2018. An ce ɓawon da aka ɗebe mata a 1991 kaɗai ya kai kilo 1,200. Tana tsaye a bakin gari, inuwarta ta ishi taron biki.

Amma ba a nan na ga abin da ya kama ni ba. Sai washegari da sassafe, a wani daji kusa da Coruche, inda muka iske masu ɓare suna aiki bibbiyu. Wani dattijo mai hular ciyawa ya zagaya bishiya yana shafa ta da tafin hannu, ya nemi tsagar da ta fi zurfi, ya sa gatari. Ba sara yake yi ba. Yana dasa kaifin ne daidai kaurin ɓawon, sannan ya murɗa hannu kaɗan, ka ji wani ƙara mai kama da na abin da ba kowa a ciki. Ya tsaga daga sama zuwa ƙasa, ya zagaye saman, sai ya juya gatarin ya cusa ƙotar, wadda aka fiƙe ƙarshenta, tsakanin ɓawo da jiki. Ɓawon ya saki da wani dogon kuka, ya faɗo guda, tsawonsa ya fi mutum. Aikin kamar fiɗar rago ne, in wuƙa ta zarce ta taɓa nama an yi ɓarna: in gatari ya ji wa fatar ciki ciwo, wurin ba zai sake yin ɓawo mai kyau ba. Jikin da aka tuɓe yana da danshi da sanyi, launinsa rawaya-rawaya, sai daga baya iska ta mai da shi ja. Wata mata ta biyo baya da gwangwanin fenti ta rubuta lambar ƙarshe ta shekarar. Doka ta ce sai bayan shekara tara za a sake taɓa ta, wato wadda aka rubuta wa 5 a 2015 sai 2024.

Haƙurin da ke cikin sana'ar ya ba ni mamaki. Sai bishiya ta kai wajen shekara 25 ake mata ɓarar farko, kuma wannan ɓawon kaushi ne, ba ya yin matoshi. Na biyu ma haka. Sai na uku, tana da shekara arba'in da ɗoriya. Wanda ya dasa, jikansa ne mai ci.

Injiniyar dajin da ke mana jagora ta ɗauki wani falle ta nuna mana ɓangaren da ya fito daga gindi, inda ɓawon ya taɓa ƙasa. Ta ce wannan yanzu yanke shi ake yi a ware tun a daji, haka ma duk fallen da ke da wani tabo rawaya, domin a nan fumfuna ta fi zama. Ta ce a da a kan ƙasa tsurarta ake jibge ɓawon na wata shida ko fiye kafin a kai masana'anta. Yanzu sai a kan siminti mai gangara, ko a kan ƙarfe. Duk wannan canji saboda abu ɗaya ne mai haruffa uku: TCA.

Cikakken sunansa 2,4,6-trichloroanisole. Shekara da shekaru masu sayen giya a Turai suna buɗe kwalba su ji warin rima, irin na kwalin da ya jiƙe a ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, su ce matoshi ne ya ɓata ta, ba tare da kowa ya san mene ne a cikin matoshin ba. A farkon shekarun 1980 Hans Tanner da abokan aikinsa a cibiyar binciken noma ta Wädenswil da ke Suwizalan suka kama shi da na'ura, suka buga sakamakon a 1982. Abin da ya sa ya daɗe yana ɓuya shi ne ƙanƙantarsa. Hancin mutum yana jin sa a nanogiram biyu ko uku cikin lita ɗaya, wasu ma ƙasa da haka. Nanogiram ɗaya a lita daidai yake da giram ɗaya a cikin lita biliyan ɗaya. A wannan adadi ba ya cutar da lafiya, kaya kawai yake kashewa.

Yadda yake samuwa shi ne abin da na fi so mutanenmu su fahimta. Akwai wasu sinadarai masu kulorin da ake kira kulorofenol. An daɗe ana amfani da su wajen maganin ƙwari da kare katako daga ruɓewa. Suna kuma samuwa da kansu in bilic mai kulorin ya haɗu da itace ko kwali. Waɗannan guba ne ga fumfuna. To, wasu nau'o'in fumfunar, irin su Penicillium da Trichoderma, suna da dabarar kare kansu: sai su maƙala wa gubar wani ɗan guntun sinadari, ta daina cutar da su. Abin da ya fito daga wannan juyi shi ne TCA. Babban abin takaicin shi ne masana'antun da kansu suna wanke matosai da bilic don su yi fari su yi tsabta, ashe a nan suke haɗa wa fumfuna kayan aiki. Da aka gane haka aka koma wanki da haidurojin feroksaid.

Gane dalili bai kawo sauƙi nan take ba. A shekarun 1990 gardama ta yi tsami. Masu giya suna cewa kwalba biyar cikin ɗari ko fiye suna lalacewa, masu matoshi suna cewa an yi ƙari. A ganina masu matoshi sun yi jinkirin karɓar gaskiya, kuma sun biya kuɗin jinkirin. A 2000 wasu masu gonakin inabi a kwarin Clare na Ostireliya suka haɗa kai suka koma murfin ƙarfe mai murɗawa, a 2001 na Niyu Zilan suka bi sahu, ga matoshin roba ya shigo kasuwa. Dajin da na tsaya a cikinsa da safen nan, da shanunsa da tsuntsayensa da masu gatarinsa, kuɗin matoshi ne ke riƙe da shi.

Daga nan muka hau jirgin ƙasa zuwa arewa. Ɓawo a kudu yake, masana'antu kuwa sun taru a yankin Santa Maria da Feira, kudu kaɗan da Porto. Tun daga bakin hanya kake jin ƙamshin dafaffen itace. A masana'antar da aka kai mu, na ga ana tsoma tarin falle-falle cikin tukunyar ƙarfe ana tafasawa na awa guda, su kumbura su miƙe. Bayan sun huta sai a yanka su sala-sala, wani mutum yana zaune yana tura salar ƙarƙashin bututu mai kaifi, matoshi yana faɗowa ɗaya bayan ɗaya, idonsa yana kauce wa duk wurin da ke da tsaga. Ragowar ba a zubarwa, niƙewa ake yi a yi wasu kaya. Wannan sashen mun wuce shi da sauri, domin hankalina yana bene na sama.

Kafin mu shiga ɗakin gwajin aka tambaye mu ko akwai wanda ya shafa turare. Aka ce mu ajiye jakunkuna da duk wata takarda ko kwali a waje. Matar da ke shugabantar ɗakin, wadda ta manyanta a aikin, ta ce ko ƙasan ɗakin ba a goge shi da bilic, kuma babu katako ko ɗaya a ciki. In kana neman abu a ma'aunin nanogiram, iskar ɗakinka ma tana iya ba ka sakamakon ƙarya.

Ga yadda aikin yake, kamar yadda na yi shi da hannuna a gabanta. Ana ɗibar matosai daga buhu, wani lokaci har hamsin, a jiƙa su cikin ruwa mai kashi 12 cikin ɗari na itanol, wato sinadarin barasa, a rufe na awa 24. Ba duk TCA ɗin da ke cikin matoshin ake nema ba, sai wanda zai iya fita ya shiga abin da ke cikin kwalba. Daga ruwan jiƙon sai na ɗebi mililita goma na zuba a wata 'yar kwalba, na ƙara gishiri, wanda ke tura sinadaran ƙamshi su bar ruwa su hau iskar da ke sama. Sannan ta miƙo mini sirinji mai siririyar allura, ta ce in ɗiga abin da ke ciki. TCA ne shi ma, amma na musamman, an musanya masa haidurojin biyar da irin mai nauyi. Halinsa ɗaya da na asali, duk abin da ya sami wancan a hanya zai same shi, sai dai ya fi shi nauyi da biyar, don haka na'ura tana bambance su. Tunda mun san adadin da muka zuba, da shi ake auna wanda ba mu sani ba.

Aka rufe kwalbar, aka ɗumama ta kaɗan. Hannun na'ura ya sauko ya huda murfin da allura, daga cikin allurar wani zare ya leƙo, tsawonsa santimita ɗaya, an shafe shi da wani irin silikon. Bai taɓa ruwan ba. A iskar da ke sama ya tsaya na kusan rabin awa, sinadaran ƙamshi suna manne masa. Wannan dabara ana ce mata SPME, Janusz Pawliszyn ne ya fito da ita a Jami'ar Waterloo ta Kanada wajen 1990, kuma ita ce ta sauƙaƙa awon har ya zama aikin yau da kullum. Zaren ya koma cikin allura, hannun ya ɗauke shi ya cusa a bakin GC, na'urar da ke rarrabe sinadarai, bakin mai zafin digiri 250 ko sama, duk abin da ya manne ya tashi nan take.

Cikin GC ɗin tanda ce, a cikinta an naɗe wani bututun gilashi siriri mai tsawon mita 30, faɗin raminsa rubu'in milimita. Iskar heliyom tana tura sinadaran ta ciki, zafin tandar yana hawa a hankali. Kowane sinadari da irin yadda yake maƙalewa a bangon bututun, saboda haka sun shiga a cakuɗe amma su fito ɗaya bayan ɗaya, kowa da lokacinsa. A bakin fita na'urar MS tana jira. Tana harbin kowane da lantarki ya farfashe, ta auna nauyin gutsattsarin. TCA yana ba da 210, in ya yar da guntun da fumfuna ta maƙala masa ya koma 195. Shugabar ɗakin ta matso da hoton a allon kwamfuta ta nuna mini abin da ya fi burge ni: kusa da 210 akwai 212, tsayinsu kusan ɗaya, sai 214 gajere a gefe. Kulorin iri biyu ne a duniya, mai nauyin 35 da mai 37, kashi uku da ɗaya, kuma duk abin da ke ɗauke da kulorin uku dole ya nuna wannan jeri. Lokacin fita ya dace, nauyi ya dace, jeri ya dace, sannan za ka sa hannu ka ce shi ne. A samfurin da na haɗa, ɗan tudun ya fito ƙarami ƙwarai kusa da na 215, wato na TCA mai nauyin da na ɗiga, lissafi ya ba da ƙasa da nanogiram ɗaya. A gefe akwai wasu na'urorin masu amfani da ECD, abin da James Lovelock ya ƙirƙiro a 1957, mai saurin jin duk wani abu mai kulorin. Su ake ba aikin yau da kullum, MS kuma ta tabbatar in an yi shakka.

Duk da waɗannan na'urori ba su yar da hanci ba. Akwai ɗaki na daban inda ƙwararru ke sansanar ruwan jiƙo. Shugabar ta ba ni kofuna uku na ruwa zalla, ɗaya an ɗiga masa TCA. Na gane shi a shaƙar farko, wari ne mai nauyi da danshi, ba mai hawa kai ba. Ta ce in sake. A karo na biyu ya dushe, daga baya ma sai ya ɓace. Ta miƙo mini ɓawon lemo, na ji ƙamshinsa ya yi nisa. A 2013 masu bincike a Jami'ar Osaka ta Japan suka nuna dalili: TCA yana toshe ƙofofin da ƙwayoyin hanci ke aika saƙo ta cikinsu. Ma'ana, ko bai kai a ji warinsa ba, yana iya kashe ƙamshin kaya. Mai saye ba zai ce kayan sun lalace ba, zai ce ba su da armashi, kuma ba zai dawo ba. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da komai, domin citta da zoɓo ƙamshinsu ake saye.

Awon buhu yana da iyaka. In matoshi ɗaya cikin dubu ne ya gurɓata, ba lallai ya faɗo cikin hamsin da ka ɗiba ba. Shi ya sa manyan kamfanoni suka bi hanyoyi biyu. Amorim, wanda ya faro tun 1870 kuma ya fi kowa girma, ya fito da NDtech a 2016, inda ake auna matoshi ɗaya-ɗaya cikin daƙiƙoƙi, a ware duk wanda ya haura rabin nanogiram a lita. Kamfanin Diam na Faransa kuwa niƙe ɓawon yake yi, ya wanke garin da iskar kabon dayoksaid da aka matse ta haura matsin bar 74 da zafin digiri 31, inda take ratsa abu irin na iska tana narkar da shi irin na ruwa, dabarar da ake cire sinadarin kafeyin daga gahawa da ita. Sannan a sake dunƙule garin ya zama matoshi. Na fi karkata ga hanyar farko don tana barin ɓawon yadda Allah ya halicce shi, amma tsadarta ta sa ba kowa ke iya saye ba.

A kan abincin rana, kifin sadin gasasshe da dankali, shugabar ɗakin gwajin ta ce mini matoshi yana ɗaukar laifin da ba nasa ba sau da yawa. A 2004 Pascal Chatonnet a Bordeaux ya nuna cewa wani ɗan uwan TCA mai suna TBA, wanda ke da buromin a maimakon kulorin, yana tashi daga katakon rufi da katakon ɗora kaya da aka yi wa magani, ya bi iska ya shiga giya tun kafin a sa mata matoshi. TBA ɗin ne kuma ya sa a ƙarshen 2009 da farkon 2010 aka janye ɗimbin kwalaben maganin ciwo na Tylenol daga kasuwa a Amurka, bayan mutane sun koka da warin rima. Da aka bi sawu sai aka tarar katakon da aka ɗora kayan kwalaben a kai ne. Warin da ake samu a wata gahawar Birazil ma an gano TCA a cikinsa tun 1990. Ta ƙara da cewa yanzu abin da ke hana masu inabi barci hayaƙi ne. Bayan gobarar daji irin ta Ostireliya a 2019 da 2020, inabi yana shan wani sinadari mai ƙauri, gwayakol, daga hayaƙi ya ɗaure shi da sukari, GC ba ta ganinsa a haka, sai an nemo na'urar LC-MS, mai rarrabe sinadarai cikin ruwa, ko a fasa ɗaurin tukuna.

Ina sauraronta, hankalina yana kan sito-sitonmu. Buhun algarara, kwali, katakon ɗora kaya na hannu da ba a san inda ya fito ba, kwantenar da ƙasanta katako ne, ga danshin damina, ga al'adarmu ta wanke ko'ina da bilic in za a zo duba tsabta. Duk abin da ta lissafa muna da shi a wuri ɗaya. Mun saba tsoron maganin ƙwari, musamman tun da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015 saboda maganin ƙwarin dikulobos, kuma tsoron yana kan hanya. Amma wari ba ya cikin jerin abin da muke aunawa. Na'urar GC-MS akwai ta a ɗakunan gwaji da dama a ƙasarmu, tawa ma irinta ce. Abin da ke da wuya shi ne wutar da ba ta ɗaukewa a tsakiyar aiki, da heliyom a kan kari, da wannan ɗan TCA mai nauyi da ake aunawa da shi, da ɗakin da aka tsare iskarsa. Mafi yawan gyaran kuwa ba ya ma buƙatar na'ura.

Daga tashar jirgin Campanhã a Porto na kira mai kula da siton da muke ɗibar samfuri. Bayan gaisuwa na ce, “Malam, katakon da ke ƙarƙashin buhunan zoɓo, daga ina aka sayo su?”

Ya ce, “Na hannu ne, ranka ya daɗe. Daga wajen masu sauke kwantena.”

“Da me ake wanke ƙasan?”

“Da bilic, duk ranar Asabar.”

Na ce ya dakatar da bilic ɗin, a koma sabulu da ruwa, a bar ƙofofi a buɗe har ƙasa ta bushe kafin a mai da kaya. Na kuma roƙe shi ya sare mini ɗan guntu daga kowane katako, ya naɗe kowanne daban a takardar alminiyom, ba a leda ko kwali ba, ya rubuta layin da ya fito, ya ajiye mini sai na iso.